Zama Mamba da Hakkin Jefa Ƙuri'a a Kamfanonin da Ba Su da Hannun Jari

1. Gabatarwa

Galibi idan aka ambaci kamfani, abin da ke fara zuwa a ran mai sauraro shi ne taron 'yan kasuwa waɗanda suka haɗa dukiya don neman riba, kowa da hannun jarinsa. A irin wannan kamfani ba a shan wahalar gane mai iko, gama ƙuri'a tana bin jari: mai hannu ɗari yana da ƙuri'a ɗari, mai hannu ɗaya kuwa ƙuri'a ɗaya. Amma akwai wani irin kamfani dabam wanda shari'a ta ba shi matsayi irin na wancan, watau yana iya mallakar gida da fili, ya ƙulla yarjejeniya, ya kai ƙara, a kuma kai ƙararsa, duk da sunan kansa, sai dai ba a kasa shi hannu hannu ba, balle wani ya ce ga rabon da ya saya. A dokokin jihohin Amurka ana kiransa kamfani maras hannun jari. A ƙarƙashin wannan tsari ne a kan kafa yawancin ƙungiyoyin agaji, da na masu sana'a ɗaya, da kulob-kulob, da makarantu da asibitoci waɗanda ba na gwamnati ba.

Ya kamata a lura tun daga farko cewa rashin hannun jari dabam ne, rashin neman riba kuma dabam. A Jihar Delaware, alal misali, doka ta yarda a kafa kamfani maras hannun jari don neman riba. Haka kuma yafe haraji magana ce ta Gwamnatin Tarayya, wadda a ke nema dabam bayan an kafa kamfanin.

To, tun da ba jari, da me a ke gane mai iko? Wa ke zaɓen masu gudanarwa, wa ke tuɓe su in sun karkace? Amsar shari'a ita ce mambobi. Amma kalmar nan tana da wuyar sha'ani, domin hakkin mamba ba daga kuɗinsa ya ke fitowa ba, daga rubutacciyar takarda ya ke fitowa, ita kuwa takarda ana iya gyara ta. Abin da za a bayyana a nan ke nan, tare da misalan abubuwan da suka auku.

2. Wane ne mamba?

Kamfani irin wannan yana tsayawa ne bisa takardu biyu. Ta farko ita ce takardar kafa kamfani, wadda a ke miƙa wa ofishin gwamnatin jiha. Ta biyu ita ce dokokin cikin gida, waɗanda ke bayyana yadda a ke shiga, da yadda a ke taro, da yadda a ke zaɓe. Idan biyun suka saɓa, ta farko ita ke rinjaye, dokar jiha kuwa ta rinjayi duka.

A maganar yau da kullum, kowa ya biya kuɗin ƙungiya aka ba shi kati, ya zama mamba ke nan. A shari'a ba haka ba ne. Dokar Jihar Kalifoniya, wadda ta fara aiki a 1980, ta ce mamba shi ne wanda takardar kafa kamfani ko dokokin cikin gida suka ba shi hakkin jefa ƙuri'a wajen zaɓen darektoci, ko wajen sayar da dukiyar kamfanin baki ɗaya, ko haɗe shi da wani, ko rushe shi. Daɗin daɗawa, dokar ta yarda kamfani ya kira mutane mambobi ko da ba su da ƙuri'a ko ɗaya, ta kuma yarda kamfani ya zauna ba mamba sam. Ashe ke nan kalma ɗaya tana ɗauke da ma'ana biyu: akwai mamba na suna, akwai mamba na shari'a. Mutum ya kan shekara goma yana biyan kuɗi, ana aiko masa da mujalla, bai san cikin waɗanne ya ke ba sai ranar da rigima ta tashi.

Delaware ta bi wata hanya. Bayan gyaran da aka yi wa dokarta a 2010, ta ce lalle kamfani maras hannun jari ya kasance da mambobi, ko da ya ke rashinsu ba ya ɓata ayyukan da kamfanin ya riga ya yi. In takardun ba su faɗi sharuɗɗan zama mamba ba, sai a ɗauka masu ikon zaɓen hukumar gudanarwa su ne mambobi. Sabo da haka idan hukumar ce ke zaɓen magadanta, to, darektocin nan su ne mambobin, su ne kuma masu gudanarwa. A nan ma ƙuri'a ce ma'auni.

Ga misalin yadda bambancin nan ke aiki. ICANN, ƙungiyar da ke kula da sunaye da lambobin intanet, an kafa ta a Kalifoniya a 1998. A shekarar 2000 ta kira masu amfani da intanet na duniya su yi rajista a matsayin mambobi, aka yi zaɓe, mutum kimanin 34,000 suka jefa ƙuri'a, aka zaɓi darektoci 5, ɗaya daga kowane yanki na duniya. Nii Quaynor na Gana shi ya ci kujerar Afirka. Amma dokokin cikin gida na ƙungiyar sun riga sun faɗa a fili cewa ba ta da mambobi bisa ma'anar dokar jiha, kome sunan da aka kira mutane da shi. Da hukumar gudanarwa ta sake tsari a 2002, sai ta soke wannan irin zaɓe, ba ta kuwa bukaci yardar waɗanda suka jefa ƙuri'a ba.

3. Yadda a ke auna ƙuri'a

Asalin ƙa'ida ita ce mamba ɗaya, ƙuri'a ɗaya. Haka sashe na 215 na dokar Delaware ya ajiye, amma da sharaɗi: muddin takardun kamfani ba su faɗi wani abu dabam ba. Suna iya kasa mambobi aji aji, wani aji da cikakkiyar ƙuri'a, wani da ƙuri'a kan waɗansu al'amura kaɗai, wani ba ƙuri'a. Suna kuma iya auna ƙuri'a da yawan kuɗin da mamba ya zuba, ko da wani ma'auni. Kamfanin katin biyan kuɗi da aka kafa a 1970, wanda daga baya aka sani da suna Visa, maras hannun jari ne a lokacin, bankuna ne mambobinsa, nauyin ƙuri'ar kowane banki kuwa gwargwadon yawan cinikin da a ke yi da katinsa ne. A haka ya zauna shekaru da yawa kafin a sake masa tsari, a sayar wa jama'a hannun jarinsa a 2008.

Bayan nauyin ƙuri'a, sai adadin mutanen da taro ke tabbata da su. Wannan muhimmi ne ƙwarai, gama mambobin ƙungiya ba su da ribar da za ta ja su zuwa taro, yawancinsu ba su zuwa. A Delaware, in takardu sun yi shiru, sulusin mambobi sun isa. Ƙungiyar Lauyoyin Amurka ta fitar da samfurin doka a 1952 don jihohi su kwaikwaya, ta sake shi a 1987 da 2008. Samfurin 1987 ya sa kashi 10 cikin 100 kurum, ya kuma ba masu kashi 5 cikin 100 na ƙuri'u ikon neman a kira taro na musamman. Wanda ba zai halarta ba yana iya ba wani takardar wakilci ya jefa ƙuri'a a madadinsa. A Delaware takardar nan ba ta aiki bayan shekara 3, sai in ita kanta ta faɗi wa'adin da ya fi haka. In kuwa masu gudanarwa suka ƙi yin zaɓe a kan lokaci, kowane mamba yana iya roƙon kotu ta tilasta a yi.

Abin da ƙarancin halarta ke haifarwa ya bayyana a birnin Sinsinati cikin watan Mayu 1977, wajen taron shekara na ƙungiyar masu bindiga ta Amurka, watau NRA. Mambobinta a lokacin sun kai wajen miliyan ɗaya, amma masu ƙuri'ar da suka halarta dubu ɗaya ne da 'yan kai. Wani rukuni da ya zo a shirye, ya kuma san dokokin cikin gida sarai, ya riƙe taron har kusan asuba, ya gyara dokokin, ya tuɓe shugabanni, ya ɗora Harlon Carter. Daga daren nan ƙungiyar ta mai da harkar siyasa babban aikinta. Duk abin da aka yi bisa ƙa'ida aka yi shi, amma 'yan tsirarun da suka zo su suka yanke wa sauran hukunci.

4. Ƙofar shiga

Tun da ƙuri'a tana tare da zama mamba, wanda ke tsaron ƙofar shiga yana da hannu cikin sakamakon kowane zaɓe. Ƙofar nan tana da hatsari biyu: a ƙuntata ta ainun, ko a buɗe ta ainun.

Misalin ƙuntatawa shi ne na Associated Press, kamfanin dillancin labarai wanda jaridu ne mambobinsa, aka kuma sake kafa shi a Jihar Niyok a 1900. Dokokinsa sun hana mamba sayar da labari ga wanda ba mamba ba, sa'an nan sun ba kowace jarida damar tsananta sharuɗɗan shigar abokiyar gasarta ta gari ɗaya. Da Marshall Field ya kafa jaridar Chicago Sun a birnin Shikago a ƙarshen 1941, ya nemi shiga, sai jaridar Chicago Tribune ta ƙi, mambobi kuma suka kada buƙatarsa a 1942. Gwamnatin Tarayya ta kai ƙara, a 1945 Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokokin nan sun saɓa wa dokar hana kankane kasuwa. Darasin shi ne, ko da ya ke kotuna ba su cika tsoma baki kan wanda ƙungiya za ta karɓa ba, idan zama mamba ya zama hanyar cin abinci, ƙofar ta daina zama ta 'yan gida kaɗai.

Misalin buɗewa kuwa shi ne na Sierra Club, ƙungiyar kare muhalli da John Muir da abokansa suka kafa a Kalifoniya a 1892. Mambobinta na shari'a ne, su ke zaɓen darektoci 15, biyar kowace shekara, shiga kuwa ba ta bukatar kome sai biyan kuɗin shekara. A 1998 an sa musu tambaya ko ƙungiyar ta goyi bayan rage shigar baƙi Amurka, kimanin kashi 60 cikin 100 na masu ƙuri'a suka ce kada ta sa baki. A 2004 masu ra'ayin rage baƙi suka sake yunƙurowa ta hanyar takarar kujerun darektoci, cikin 'yan takarar har da Richard Lamm, tsohon gwamnan Jihar Kolorado. Waɗansu ƙungiyoyi na waje suka yi ta kiran magoya bayansu su shiga don su jefa ƙuri'a. Da tsofaffin mambobi suka farga, sai suka fito fiye da yadda suka saba, sama da kashi 20 cikin 100 suka jefa ƙuri'a, 'yan takarar nan suka faɗi da babbar rata. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar kuwa a nan ita ce sakacin masu ƙuri'a. Don gudun irin wannan ne ƙungiyoyi da yawa su kan sa wa'adi, su ce sabon mamba ba shi da ƙuri'a sai ya cika watanni ko shekaru kaza.

5. Ƙofar fita

Kora ita ce hanya mafi sauƙi ta kawar da ƙuri'ar abokin hamayya, sabo da haka dokoki suka kafa mata shinge. A Kalifoniya, da kuma samfurin 1987, tilas kora ko dakatarwa ta kasance da kyakkyawar niyya, bisa hanya mai adalci. Hanyar da doka ta ɗauka mai adalci ce ita ce a ba mutum sanarwa kwana 15 kafin korar, tare da dalilai, a kuma ba shi damar kare kansa, da baki ko a rubuce, aƙalla kwana 5 kafin ta fara aiki. Kotu ba ta cika duba ko dalilin korar ya yi mata daɗi ba. Abin da ta ke dubawa shi ne ko an bi dokokin ƙungiyar, ko kuma an saurari mutumin.

Har wa yau, zama mamba a ƙungiyar agaji ba dukiya ba ce. Ba a sayar da shi, ba a gadonsa, wanda ya fita kuma ba ya fita da kome. In an rushe kamfanin, abin da ya rage bayan biyan bashi sai a miƙa wa wata ƙungiya mai manufa irin tasa. Mai hannun jari in ya ga ba a tafiyar da kamfani daidai sai ya sayar ya kama gabansa. Mamba ba shi da wannan mafita. Ƙuri'arsa ita ce iyakar makaminsa.

6. Ikon gyara takardu

A nan ne gundarin maganar ya ke. Duk hakkokin da aka lissafa a baya rubuce su ke cikin takardu, don haka tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce, wa ke da ikon gyara takardun? A Delaware, rinjayen hukumar gudanarwa ya isa a gyara takardar kafa kamfani maras hannun jari, ba a bukatar ƙuri'ar mambobi sai in ita takardar ce ta wajabta. Ikon gyara dokokin cikin gida yana hannun mambobi masu ƙuri'a, amma takardar kafa kamfani tana iya ba hukumar wannan iko ita ma. Kalifoniya ta fi tsanantawa: darektoci ba su iya gyara dokokin cikin gida su kaɗai idan gyaran zai tauye hakkin mambobi na jefa ƙuri'a. Sai dai kariyar nan ta mambobin shari'a ce, ba ta shafi mambobin suna ba.

Labarin gidauniyar Pacifica ya nuna inda wannan ke kaiwa. An kafa ta a Kalifoniya a 1946, ta buɗe gidan rediyonta na farko, KPFA, a garin Bakli a 1949, daga baya gidajen suka zama 5, gudummawar masu sauraro ce kuwa babban abin da ke riƙe da su. Amma masu sauraron ba su da ƙuri'a. A farkon 1999 hukumar gudanarwa ta ƙasa ta gyara dokoki, ta yanke hannun majalisun shawara na gidajen rediyon daga zaɓen darektoci, ta koma ita ke zaɓen kanta. Cikin 'yan watanni rigima ta kai ga an kulle KPFA an hana ma'aikata shiga, dubban mutane suka yi zanga-zanga, aka shigar da ƙararraki. Ba a sasanta ba sai a watan Disamba 2001. Sababbin dokokin da aka kafa a 2003 suka mai da masu sauraro da ma'aikata mambobi masu ƙuri'a. An shekara huɗu ana jayayya, an kashe kuɗi mai yawa wajen shari'a, kan abin da layi biyu cikin takardar farko za su iya warwarewa.

Ba a ce kowace ƙungiya sai ta ba kowa ƙuri'a ba. Asibiti ko gidauniyar da ke raba tallafi tana iya zama lafiya da hukuma mai zaɓen kanta, tana samun natsuwa, tana kuma tsira daga kuɗin zaɓe da kutsen 'yan waje. Illar ita ce ba mai tuhumar darektoci daga ciki, sai Babban Lauyan jiha daga waje, shi kuwa ƙungiyoyin da ke ƙarƙashin kulawarsa dubbai ne. Kowane tsari da amfaninsa da illarsa. Abin da ke kawo fitina shi ne a bar mutane suna zaton suna da hakkin da ba su da shi.

7. Makamancinsa a Nijeriya

Nijeriya ta gaji tsarin Ingila, inda makamancin wannan kamfani shi ne kamfanin lamuni. Mambobinsa ba su sayen hannun jari, sai dai su ɗauki alkawarin biyan wani adadi in an zo rushe shi da bashi a kansa. Dokar Kamfanoni ta 1990 ta sa jimlar lamunin kada ta gaza Naira 10,000, ta 2020 ta ɗaga ta zuwa Naira 100,000. An hana raba wa mambobi riba. Dokar ta kuma ba kowane mamba hakkin halartar babban taro, da yin magana, da jefa ƙuri'a, kome dokokin cikin gida suka ce, wanda ya fi abin da Delaware ta bayar. Kasuwar Hannun Jari ta Nijeriya, wadda aka kafa a Ikko a 1960, kamfanin lamuni ce har zuwa 2021, sa'ad da ta koma kamfani mai hannun jari bayan mambobinta sun amince a 2020. A ranar nan zama mamba, wanda da ba a iya sayarwa, ya koma jari, sa'an nan kowa ya ga muhimmancin rajistar da ke nuna wane ne mamba, kuma na wane aji.

Amma yawancin ƙungiyoyin ci gaban gari, da na tsofaffin ɗalibai, da na addini, ba wannan hanya su ke bi ba, rajistar amintattu su ke yi. A wannan tsari amintattun ne ke zama jiki ɗaya a idon shari'a, su ke riƙe dukiya da sunan ƙungiya. Hakkin sauran mambobi wajen naɗa su ko tuɓe su yana rataye ne ga tsarin mulkin ƙungiyar. Nan ma maganar ta koma ga takarda.

8. Kammalawa

Daga abin da ya gabata, tambayoyi biyar sun fito waɗanda ya kamata takardun kowace ƙungiya su amsa a fili: wane ne mamba mai ƙuri'a, kuma ina rajistarsu, yaushe sabon shiga ke samun ƙuri'a, mutum nawa taro ke tabbata da su, ta wace hanya a ke kora, wa ke da ikon gyara takardun, da rinjaye nawa. Ta ƙarshe ita ce uwa, domin in hukumar gudanarwa tana iya gyara takardu ita kaɗai, sauran hakkokin huɗu aro ne, mai abu yana iya karɓe abinsa ran da ya ga dama. Malamai da sauran masu ilmi, waɗanda su a kan ɗora wa rubuta tsarin mulkin ƙungiyoyi a garuruwansu, ya kamata su tsaya kan waɗannan tun ana zaman lafiya, su kuma ware kalma dabam ga mai ƙuri'a, dabam ga mai goyon baya, don kada suna ɗaya ya ruɗi jama'a. Ba a fafe gora ranar tafiya.